Jan Ƙyalle a Gonar Inna

Mai Goyo ake ce masa, alhali bai taɓa ɗaukar jariri a baya ba. Tankin feshi ne goyon nasa. Shekara shida ke nan, daga saukar ruwan shuka har masara ta kai gwiwa, ba ka ganinsa sai da shuɗin tankin nan a gadon baya, hannun hagu yana buga famfo, na dama yana kaɗa bututu. Matan da ke wucewa su ce a gai da mai jego, yaushe za a yaye yaron nan ne, shi kuwa ya ce sai ranar da ya fara tafiya da ƙafarsa. Har matarsa, in tana cikin nishaɗi, da wannan suna take kiransa.

Aikin nasa ƙa'ida ɗaya gare shi, ba ta kuwa da wuya. Tun da sabon irin masara ya shigo, wanda masana suka taɓa shi yadda maganin ciyawa ba ya kashe shi, gonaki suka rabu gida biyu. Wanda ya shuka sabon iri, a kan masarar ake fesa masa magani, ciyawa ta mutu masara ta tsaya. Wanda ya shuka tsohon iri, in maganin ya sauka, masara da ciyawa tare za su tafi. Ga shi kuma a ido tsiron wannan da na wancan duk ɗaya ne, ko wanda ya haɗa irin sai dai ya yi canke. Shi ya sa masu shagon iri suke sa jan ƙyalle a cikin kowane buhu. In ka shuka, ka ɗaura shi a sanda ka kafa a kusurwar gona. Mai Goyo ba ya tambayar kowa abin da ya shuka, sanda kawai yake dubawa.

A kan bencin da ke ƙofar injin niƙa, maganar irin nan ba ta taɓa kwana ba a tashe ta ba. Tela ya ce tun da ya koma sabon iri matarsa ta daina kwana da ciwon baya, duk wanda ke zaginsa bai taɓa riƙe fartanya ba ne. Mai injin ya ce a bari dai a ga ƙarshe, mutum ya noma abu da hannunsa amma a ce ba shi da ikon ajiye iri sai ya koma shago, wannan ba noma ba ne, aikatau ne. Wani ya ce ya ji a rediyo yana hana haihuwa, wani ya nuna masa 'ya'yan tela tara. Akwai kuma masu cewa yanzu wata ciyawa ta fara taurin kai, sai an fesa mata sau biyu. Wannan ta ƙarshe Mai Goyo ya san gaskiya ce, amma bai taɓa tsoma baki ba. Shi dai a biya shi ya fesa.

Gona ɗaya ce tak a duk yankin da bai taɓa shiga da tanki ba, ita ce ta mahaifiyarsa. Inna tana da masararta, wata gajera, fara mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wadda ta taho da ita daga gidan uwarta, ita ma uwar daga gidan tata uwar. Da can rabin gari ita ake shukawa. Aka bi ta da sauyi gida-gida har ya zama ba ta a hannun kowa sai Inna. Duk kaka takan zaɓi masu kyau ta rataye a saman murhu hayaƙi ya kore musu ƙwari, ta kuma ware guda ashirin na ko-ta-kwana waɗanda ba a taɓawa. Ranar da Mai Goyo ya fara sayen tanki ta ce masa ta sa masa albarka a sana'arsa, amma in zai zo gonarta ya sauke yaron nan nasa a bakin hanya. Bai taɓa ƙetare maganar ba.

Bana ruwa ya yi musu rashin mutunci. Ya sauka kamar da gaske, kowa ya shuka, sannan ya ɗauke kwana ashirin da uku. Tsiron Inna ya ƙone ƙurmus. Da ruwan ya ga dama ya dawo, sai ga Auta, ƙanen Mai Goyo, wanda ke aiki a shagon iri a cikin gari, ya zo a kan babur da ƙaramin buhu a ɗaure a baya. Ya durƙusa gaban Inna ya ce ba zai iya zuba ido uwarsa ta fita damina hannu rabbana ba, ta daure ta gwada wannan ko na bana kaɗai. Mai Goyo yana zaune a gefe yana jiran ta wanke Auta tas. Sai ya ga ta karɓi buhun da hannu biyu, ta shafa kan Auta, ta yi ta sa masa albarka har yaron ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Bayan mako uku, da hantsi, Mai Goyo ya gama fesa gonar tela, wadda ta yi iyaka da ta Inna. Ya rage masa rabin tanki. Ya ɗaga kai sai ga jan ƙyalle yana kaɗawa a kusurwar gonar Inna, ga masara ta fito layi-layi gwanin kyau, ga ciyawa ta taso tana neman shaƙe ta. Ya tuna yadda tsohuwar take miƙewa daga sunkuyo a 'yan kwanakin nan, hannu ɗaya a ƙugu, sai ta yi numfashi uku kafin ta iya magana. Daɗi ya kama shi, daɗi na gaske, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Auta ya kawo iri, to shi ma yau ga abin da zai kawo. Ya shiga ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, da rabin tankin ya ƙare ya koma rafi ya haɗa wani. Ko tsiro ɗaya bai tsallake ba, don shi ba ya aikin ha'inci, balle a gonar uwarsa. Yana yi yana fito.

Sai bayan azahar ya isa gida, don ya biya ta wasu gonaki biyu. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, matarsa ta ajiye masa abinci, ya ci loma uku sannan ya ce mata yau ya yi wa Inna abin da za ta huta mako shida. Ta tambaye shi mene ne. Ya faɗa mata.

Ta tsaya da kwanon ruwa a hannu.

"Wace gonar?"

"Inna gona nawa gare ta?"

"Mai Goyo, ba sabon iri ba ne a ciki."

Daga nan ta zauna a ƙasa ta ba shi labarin, muryarta ƙasa-ƙasa. Buhun Auta yana ƙarƙashin gadon Inna, ƙyallen kawai aka zare daga ciki. Ita da Inna suka ɓare masara ashirin ɗin nan ta ko-ta-kwana, suka shuka ta cikin safiya biyu. Ƙyallen kuwa Inna ta kafa shi ne saboda Auta, don ta hanyar nan yake wucewa da babur sau biyu a mako, ba ta so ya duba ya ga an ajiye kyautarsa. Ta ce kada a faɗa wa kowa. Shi kuwa Mai Goyo ba wanda ya kawo shi a rai, tunda shekara shida bai taɓa shiga gonar da tanki ba.

Ya jira ya ji gabansa ya faɗi, ko jikinsa ya ɗauki rawa, ko ya tashi ya yi mata ihu. Ba abin da ya zo. Ya ga wata tururuwa tana jan ƙwayar abinci a bakin tabarma, ya bi ta da kallo har ta shige rami. Ya ƙarasa abincinsa, ya sha ruwa, ya tambayi matar ina manyan jarkokin nan biyu.

Ba wanda ya kai shi sanin aikin banza za su yi. Shi ne mai gaya wa mutane in dai an yi awa huɗu ba a yi ruwa ba, magani ya shiga ganye ya gama, ko kogi ka juye. Yanzu an yi awa shida, rana kuwa ta buɗe tun safe. Duk da haka suka yi ta jido daga rafi, yana zuba wa kowane tsiro da moɗa, tana bi tana murza ganyen da yatsu. Sun yi layi tara sai ga Inna da fartanya a kafaɗa, ta zo noman yamma.

"Wanka kuke yi mata?" in ji ta.

Ya ajiye moɗar ya durƙusa a cikin laka ya faɗa mata, bai rage komai ba, bai kuma kawo uzuri ba. Ta sunkuya ta kama ganye ɗaya ta juya shi gaba da baya.

"Ai ga ta nan kore shar."

"Sai nan da kwana huɗu, Inna."

"Sai me?"

"Za ta fara yin rawaya daga tsakiya. Kwana goma ta bushe."

"Duka?"

"Duka."

Ta ce to. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta koma farkon layi ta fara noma. Matar Mai Goyo ta buɗe baki za ta ce mata ciyawar ma ai ta riga ta mutu, ya girgiza mata kai. Suka tsaya da jarkoki suna kallon tsohuwa tana nome ciyawar, a natse, yadda ta saba, har rana ta yi sanyi.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su ne kamar wanda aka aika. Ya tashi, ya goya tanki, ya fesa gonakin da ya yi wa alkawari, yana duba sanda kamar kullum. Abinci ba ya masa daɗi, ba ya kuma masa ɗaci. Matan hanya suka daina tsokanarsa, da ma sun ci gaba da ya fi masa. A rana ta huɗu tsakiyar masarar ya yi rawaya, daidai yadda ya faɗa, har ya kama kansa yana jin wani abu mai kama da gamsuwar wanda ya san aikinsa.

Bencin ƙofar injin kuwa ya samu abin yi. Mai injin ya ce to ga shi nan, abin da yake faɗa ke nan, an kawo abin da ɗa zai kashe gonar uwarsa da hannunsa. Tela ya ce a'a, wannan hujjarsa ce shi, da tsohuwar ta shuka abin da aka ba ta da yanzu masararta na nan tana rawa. Kowa ya ɗauki gonar Inna ya kare maganarsa da ita, cikinsu kuwa ba wanda ya taka ya je ya yi mata jaje. Mai Goyo yakan wuce su ya yi sallama, su amsa da ƙarfi fiye da kima.

Auta ya zo ranar da labari ya kai masa, ya shigo da zafinsa bai san wanda zai sauke wa ba. Ya ce wa yayansa ai sai ya tambaya. Ya ce wa matar yayan ai sai ta faɗa. Da ya zo kan Inna sai ya ce don me ba ta ce masa ba ta so ba, ai da ya koma da abinsa. Ta ce ya zo da abu a hannunsa ya durƙusa, ta yaya za ta bar shi ya tashi da shi. Auta ya fita ya zauna a kan baburinsa, ya daɗe bai tayar ba.

Mai Goyo ya ari babur ɗin kwana biyu ya shiga ƙauyuka neman irin. Ya je wurin goggonsu da Inna ta taɓa ɗibar wa, ta ce rabonta da shi shekara uku, ɓeraye suka cinye na ƙarshe ba ta kuma nema ba. Ya je wurin wani tsoho da aka kwatanta masa, ya fito masa da wata fara, amma doguwa ce ba ɗigo. Duk inda ya je sai a ce ai kuwa da can muna da ita. Ya dawo ya gaya wa Inna, ta ce ya sha hanya, ya je ya huta.

A rana ta goma sha biyu ya bi ta gonar, ba don yana sa ran komai ba, ƙafarsa ce kawai ta saba. Ko'ina ya bushe ya kwanta. Sai can gefen iyakar tela ya hango kore. Ya matsa ya ƙirga, tsiro goma sha bakwai, a warwatse cikin layuka uku, tsaye lafiya lau har sun ƙara ganye. Ya fara cewa ko tsallake su ya yi, sai ya ga ciyawar gindinsu ta ƙone, makwabtansu na dama da hagu sun ƙone. Maganin ya same su, bai dai kashe su ba. A karo na farko tun ranar nan ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ya koma gida da sassarfa.

Aka kira Auta, aka taho da Inna. Auta ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, ya kalli gonar tela, sannan ya yi bayani yana kauce wa idon uwarsa. Ya ce masara iska ke ɗaukar ƙurar furenta daga wannan gona zuwa waccan. Bara tela sabon iri ya shuka, iska ta kwaso daga can ta zuba a kan ta Inna. Wasu ƙwayoyin da ta ajiye, uwarsu tata ce, ubansu na shago. Su ne waɗannan.

"Wato tun bara ba tawa ba ce," in ji Inna.

"Rabi taki ce, Inna."

"Wanne rabin?"

Auta ya kauce wa tambayar, sai ya ƙara da abin da bai kamata ya ƙara ba, ya ce a takardar kamfani ma duk abin da ke ɗauke da wannan hali ba a yarda a ajiye shi a sake shukawa ba, amma wa zai zo nan ya duba. Inna ta dube shi, ta dubi tsiron, ta ce rana ta yi zafi ita za ta koma.

Mai Goyo bai tsaya kan wannan ba. Shi abin da ya gani goma sha bakwai ne, in Allah ya sa wasu suka yi goyo biyu, ashirin ɗin da ya kashe sun dawo. Ya sare ƙaya ya kewaye su saboda awaki. Ya kawo taki daga turken tumakinsa. In ruwa ya yi kwana uku bai zo ba, ya yi jido. Da suka fara fitar da gemu Auta ya kawo ambulan na takarda, ya koya masa yadda ake rufe su a haɗa su da junansu kada iskar gonar tela ta sake shiga, ya ce in aka yi shekaru ana zaɓe za a iya matso da ita kusa da yadda take. 'Yan'uwan nan biyu da ba su cika doguwar hira ba suka koma kullum suna tsugune a cikin ƙaya suna shawara. Inna takan zo ta nome gindinsu ta tafi. Ba ta hana su ba, su ma ba su tambaye ta ba. Mai Goyo ya ɗauki noman nan nata a matsayin yafiya, ya fara jin ɗanɗanon abinci.

Masara ta yi goyo ashirin da biyu. Ya ɗan yaye ɓawon ɗaya ya leƙa, fara ce, ga ɗigon shuɗi nan ya fara fitowa. Saura mako uku ta bushe a jikin kara ta isa iri.

Wata ranar da la'asar ya zo ya tarar an janye ƙayar gefe guda a hankali, karan suna tsaye, ba goyo ko ɗaya. Ba ɓarnar biri ba ce, ba kuma ta ɓarawo ba, an karye su ne da kyau daga gindi. Ya nufi gidan Inna. Tun daga ƙofa ya ji ƙamshin gashi.

Tana zaune a kan 'yar kujerarta tana fifita garwashi. Shida suna kan wuta, sauran an ɓare su an jera a faranti. Ta riga ta aika an kira matarsa da Auta, suna zaune a tabarma kowa ya sunkuyar da kai. Mai Goyo ya ɗauki ɗaya daga farantin ya danna ƙwayar da farce, farin ruwa ya fito.

"Inna, ɗanya ce. Ba za ta yi iri ba."

"Na sani. Shekara hamsin ina ajiye iri."

Ya tsaya da masarar a hannu. Ta juya na kan wuta ɗaya bayan ɗaya da yatsunta, ba ta ko jin zafi.

"Da uwata ta ba ni, ta gaya mini ko mece ce, da inda ta fito," in ji ta. "Ni in na miƙa wa matarka wannan, in ce mata mece ce?"

Ta zaɓi wadda ta fi gasuwa, ta kakkaɓe tokar a tafin hannunta, ta naɗe gindin da ɓawo ta miƙa masa.

"Zauna ka ci tun da zafinta. Kai ka fi kowa wahala a kanta."

Ya zauna a bakin tabarma ya gatsa. Ita ce, ba abin da ya canja, zaƙin nan da ɗan gardin nan da ya sani tun bai kai tsawon karanta ba. Ya so a ce ta bambanta ko yaya, da ya samu abin riƙewa. Ya ci gaba da tauna yana juya ta layi-layi har ta zama totuwa, Inna ta karɓa ta jefa a wuta, ta miƙo masa ta biyu.